Ranar da Kumfa Ta Fito Titi

In kana neman mutumin da ba a taɓa ba shi sabon labari ba, ka je shagon shayin Inna ka tambayi ƙanin mijinta. Duk abin da ka fara faɗa masa, kafin ka kai tsakiya ya tare ka da “Na sani.” Ka ce masa za a yi ruwa, ya sani. Ka ce masa wandonsa ya yage ta baya, ya sani, da gangan ya bar shi don iska ta riƙa shiga. Shi ya sa duk mutanen layin ke kiransa Nasani. Shi kuma da bakinsa ya ƙara wa kansa Injiniya a gaba, saboda ya taɓa riƙe wa wani mai gyaran fanka tsani.

Shagon na yayansa ne, Allah ya jiƙansa. Ɗaki ne mai 'yan tebura da kicin a baya. Da safe shayi da burodi da ƙwai, da rana shinkafa da miya. Abin da marigayi ya fi alfahari da shi a shagon shi ne injin wanke-wanke, wani farin akwati da ya saya na hannu daga wani otal da ya rufe. Shi kaɗai ke taɓa shi. Inna tana girki, shi yana jera kwanuka a ciki, ya zuba garin sabulu, ya latsa, ya tsaya yana sauraron ƙararsa kamar mai jin labarai a rediyo. Kofunan gilashi su fito ƙal, har ka iya duba haƙoranka a jikinsu.

Da mutane suka watse bayan rasuwar, Nasani ya jawo kujera ya ajiye kusa da kantar shagon, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

“Matar yaya, kwantar da hankalinki. Daga yau ni ne manaja.”

“Wa ya naɗa ka?”

“Jini.”

Inna ba ta da ƙarfin musu a lokacin, sai ta ƙyale shi. Ko ba komai, daga nesa muryarsa tana kama da ta yayansa. Takan so ta ji ta daga kicin, muddin dai ba ta ji abin da yake faɗa ba.

Aikin manaja na farko ruwa ne. Famfon layin yakan ɗauke wani lokaci da rana, shi ya sa Inna ke tara ruwa a tanki. Nasani ya ce wannan aikin mutanen da ne. Ya je ya daidaita da mai wankin mota da ke bayan shago, wanda ke da rijiyar burtsatse, ya jawo dogon tiyo ta kan katanga ya cusa a tankin Inna, ya murɗe famfon hukuma ya rufe gaba ɗaya. Ruwa ya wadata. Inna har godiya ta yi masa, shi kuwa ya yi mako yana amsa godiyar.

Ba a daɗe ba kofuna suka fara fitowa daga inji da wani fari-fari, kamar an shafa musu alli an goge rabi. Farantai suka yi dishi-dishi, cokula suka yi ɗigo-ɗigo. Inna tana zuba sabulun da marigayi ke zubawa, daidai awon da yake yi, tana latsa inda yake latsawa, amma kullum abin ƙaruwa yake yi. Masu shan shayi suka fara goge kofi da gefen riga in sun ga ta juya baya. Mai aski, wanda shagonsa ke manne da nata, ya fara zuwa da kofinsa daga gida.

“Ba zargi nake yi ba, Inna,” in ji shi. “Kofin ne ya saba da ni.”

Wani dai ya kai ƙara, don wata safiya sai ga duba-gari mai binciken tsafta ta shigo. Doguwar mata ce mai tabarau, irin waɗanda in sun kalle ka sai ka tuna ba ka yanke farce ba. Ta ɗauki kofi, ta ɗaga shi wajen haske, ta ajiye.

“Wannan wankakke ne?”

“Wankakke ne, ranki ya daɗe.”

“To ina son in ga wanda ba a wanke ba.” Ta gyara tabarau. “Zan dawo ranar Alhamis. In na tarar da su haka, zan rufe shagon nan.”

Tana fita Inna ta zauna a kan buhun shinkafa. Shagon nan shi ne cinta, shi ne shanta, kuma shi ne kawai wurin da har yanzu take jin kamar mijinta ya ɗan fita ne zai dawo.

“Zan je wurin masu sayar da irin injin nan,” in ji ta, “su turo wanda zai duba.”

Nasani ya miƙe kamar an tsikare shi da allura.

“Haba matar yaya! Ina raye? Ki kira bare ya buɗe cikin injin yayana? Ai na san ciwon tun ranar farko, shiru kawai na yi in ga ko za ki gane.”

“To mene ne ciwon?”

“Rowa. Kina ba inji sabulu kamar mai ba mara lafiya magani. Yunwa yake ji.”

Ya naɗe hannun riga, ya cika ɗan ramin sabulu har ya tumbatsa, ya ƙara ludayi a ƙasa, ya barbaɗa wani a kan farantai kamar mai zuba sukari. Da inji ya gama aka buɗe, sai ga sabulu ya daskare a gindin kofuna, farin kuwa yana nan daram, har ya samu ƙanne. Inna ta ɗauki faranti ta miƙa masa.

“Madalla,” in ji Nasani yana jujjuya shi. “Daidai abin da nake nema. Yanzu na tabbatar ba yunwa ba ce.”

“Ni da kai muka ji ka ce yunwa ce.”

“Gwaji ne, matar yaya. Mu injiniyoyi sai mun kawar da abin da ba shi ba ne, sannan mu kama wanda shi ne.”

“Kafin ka gama kawarwa an kawar da ni.”

Washegari ya iso da sassafe yana murmushi. Ya ce wani abokinsa da ya yi aiki a jirgin ruwa ya tuna masa abin da dama ya sani: irin wannan inji gishiri yake ci. Inna tana soya ƙwai, ba ta ankara ba ya ɗauke mata ledar gishirin girki gaba ɗaya. Ya bi kofuna ɗaya bayan ɗaya yana barbaɗawa, ya juye sauran a kan cokula, ya kunna. Can da ya ji inji zai fara ɗauraya, sai ya kashe shi.

“Don me ka kashe?”

“In ya ɗauraye ai gishirin ya tafi a banza.”

Shago ya cika, kofuna sun ƙare a kanta, Nasani ya kwaso waɗannan ya jera, Inna tana can wajen tukunya. Mai wankin mota ne ya fara kurɓa. Ya runtse ido, ya buɗe, ya leƙa cikin kofin.

“Inna! Shayi na ce ko miya?”

Mai aski ya rungume kofinsa na gida kamar jariri. “Ka ƙara albasa ka ci da burodi, maƙwabci. Sabon girkin manaja ne.”

“Gishiri yana kashe ƙwayar cuta,” in ji Nasani da ƙarfi, don kowa ya ji. “Otal-otal na manya haka suke yi.”

“Shi ya sa wancan ya rufe,” in ji mai aski.

Ranar Inna sake dafa wa kowa shayi ta yi. Da la'asar ta kori Nasani gida, ta tari ruwa a baho ta wanke kofunan nan da hannunta, kamar yadda ta yi shekara da shekaru kafin inji ya zo. Ta dirza, ta ɗauraye, ta kife su a kan tire. Suna jiƙe ƙal suke. Suna bushewa farin ya dawo, kamar dama laɓewa ya yi yana jiran ta juya. Ta tsaya gaban injin ta dafa shi.

“Kai ma tafiyarsa ce ta taɓa ka?” ta ce a hankali. Sai kuma ta ji kunya, ta waiga ko wani ya ji ta tana hira da akwati.

Ana gobe Alhamis Nasani ya shigo da jarka a kafaɗa, ya dire ta a tsakiyar kicin. Wani abu ne a ciki mai kalar da ba ta da suna, tsakanin kore da ruwan hoda.

“Matar yaya, ki yi min murna. Na gano.”

“Ka sake ganowa.”

“Ki ba ni amsa. Da me ake gane sabulu mai ƙarfi?”

“Da ya wanke abu.”

“Da kumfa! Kin taɓa ganin sabulun yaya ya yi kumfa? Ragon sabulu ne, Allah ya jiƙan yaya, cutarsa aka yi ta yi. Wannan kuwa,” ya bubbuga jarkar, “Haɗin Injiniya ke nan. Akwai sabulun ruwa na wankin kwano da hannu. Akwai garin sabulun wankin kaya. Akwai sabulun wanke mota. Akwai man wanke gashi na mai aski, na aro don nazari.”

“Ya san ka ara?”

“Zai sani. Gobe a gaban duba-gari zan gwada shi. Daga nan sai kwalabe, sai hotona a jiki, sai otal-otal su yi layi. Ke zan ba ki wakilcin unguwar nan, ba don halinki ba.”

Inna ta ɗauki muciya ta nuna shi da ita.

“Ka saurare ni, ƙanin miji. In ɗigo ɗaya na wannan abin ya shiga injin mijina, sauran a shayinka zan zuba, kuma ina tsaye za ka shanye. Gobe gaskiya zan faɗa wa matar nan. In ce na wanke da inji, na wanke da hannu, ban san abin da ke faruwa ba, ta ƙara min lokaci. Ka ji?”

“Na sani.”

Ta ƙwace jarkar ta tura ƙarƙashin kanta, ta ɗora buhun albasa a kai. Abin da ba ta sani ba shi ne, jarka biyu ya haɗa.

Ranar Alhamis da hantsi Inna ta lura shagon ya cika fiye da kullum, kuma rabin mutanen ba su sayi komai ba. Masu shaguna, direbobi, har da mai sayar da burodi ya jingina kekensa a ƙofa ya tsaya. Mai aski ya jawo kujerar askinsa bakin ƙofarsa da mutum a kai, rabin kai a aske, don kada ya rasa komai.

“Lafiya kuka taru?” in ji Inna.

“Gayyata muka amsa,” in ji mai wankin mota. “Injiniya ya ce yau za a kafa tarihi.”

Kafin ta juya ta nemi Injiniyan, sai ga duba-gari ta iso da jaka a hannu. Dole Inna ta tare ta a ƙofa, ta goge mata kujera, ta fara jera maganar da ta kwana tana shiryawa.

“Ranki ya daɗe, ni dai gaskiya zan faɗa miki...”

Daga kicin ta ji ƙarar da ta fi sani a duniya. An kunna inji.

Ƙofar kicin ta buɗe, Nasani ya fito ya ja ta ya rufe a bayansa. Yana sanye da farar rigar aikin mai aski, ya maƙala biro a aljihu.

“Rigata!” in ji mai aski.

“Ranki ya daɗe, manyan baƙi, jama'ar layi,” in ji Nasani, ya ɗaga hannu. “Yau za ku ga abin da ƙwaƙwalwa ke yi. Shekara da shekaru masu kamfani suna sayar mana da sabulu marar kuzari. Ni kuwa na zauna, na yi tunani, na hana idona barci...”

“Me ka zuba?” in ji Inna.

“Matar yaya, ana jawabi.”

“Me ka zuba, nawa ka zuba?”

“Rabin jarka kawai. Ba na son in firgita shi ranar farko.”

Ya ci gaba da jawabi. Ya yi maganar yarintarsa, da yadda malamansa suka kasa gane shi. Yana cikin bayanin inda zai gina masana'anta, sai wani farin abu ya leƙo ta ƙarƙashin ƙofar kicin. Ya leƙo kaɗan, kamar mai jin kunya. Sai ya ƙaro. Ya zagaye dugadugan Nasani ta dama da hagu, ya haɗe a gaba. Duk shagon suna kallo, shi kaɗai ne bai gani ba.

“Injiniya,” in ji mai aski, “baƙonka ya iso.”

Nasani ya duba ƙasa. Ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya mayar.

“Alhamdulillahi! Kun gani? Alamar aiki ke nan. Datti ne ke gudu.”

“Da alama ta titi zai gudu,” in ji mai wankin mota, yana ɗaga ƙafafunsa kan benci.

“Kowa ya zauna, zan rage masa wuta.”

Ya buɗe ƙofar kicin. Kumfar da ta taru a ciki ta kai ƙugu, ta fito luuu kamar an buɗe wa garken tumaki. Nasani ya kutsa ciki. Aka ji yana latse-latse, injin ya canja murya ya ƙara ƙaimi.

“Kashe shi!” Inna ta ƙwala.

“Na sani!”

“Kada ka buɗe ƙofar injin!”

Ai kuwa ita ya buɗe. Aka ji fuuu, aka ji tim, aka ji tukwane suna gaisawa da juna. Takalminsa ɗaya ya fito shi kaɗai a kan kumfa, ya wuce tsakanin tebura, ya nufi titi.

Shago ya hargitse. Wani direba ya tashi zai gudu, santsi ya kwashe shi, ya kama tebur, tebur ya bi shi. Mai burodi ya ruga zai ceci kekensa, keken ya riga shi kwanciya, burodi ya watse yana iyo. Kumfa ta gangara matakala, ta bi gefen titi, ta shiga shagon aski ba sallama. Mutumin da ke kan kujera da rabin aski ya ga fari ya taso masa, ya tashi da zanen aski a wuya ya ranta a na kare.

“Dawo in ƙarasa maka!” mai aski yana kira. “Aƙalla ka dawo min da zanena!” Sai ya shinshina iska, ya tsaya cak. “Wannan ƙamshin man gashina ne. Nasani! Man gashina ne wannan!”

Mai wankin mota kuwa bokiti ya samo yana kamfata. “Sabuluna ne a ciki,” in ji shi, “ba zan bar shi ya tafi kwata ba.”

Masu wucewa suka tsaya, masu mota suka rage gudu suna leƙe. Inna ce kaɗai ta tuna inda makunnin wutar shagon yake. Ta tattare zani, ta bi bango a hankali, ta kai hannu ta kashe. Injin ya yi wani dogon nishi ya yi shiru.

A cikin shirun nan kowa ya tuna da duba-gari.

Tana nan zaune inda aka ajiye ta, kumfa har gwiwa, wani ɗan curi ya sauka a kan tabaranta. Ta cire shi ta goge, ta mayar. Ta buɗe jaka ta fito da wani ƙaton kwaɗo da makullinsa, ta ajiye a kan tebur, ƙwas.

Inna ta kalli kwaɗon. Duk maganar da ta shirya ta gudu.

“Ranki ya daɗe,” in ji ta, “wannan haukan ba zan kare shi ba, kin gani da idonki. Amma ni ba ƙazama ba ce. Tun mijina na da rai ba a taɓa samun ƙuda a miyata ba. Kofunan nan na wanke su da inji, na wanke da hannuna har fatata ta saɓule. Suna bushewa farin yake dawowa. In kin rufe, ki rufe, amma don Allah ki faɗa min mene ne, don kada in mutu ban sani ba.”

Duba-gari ta ɗan dube ta.

“Kin ce har da hannu?”

“Har da hannu.”

“Miƙo min ɗaya. Ba na cikin tafkin nan ba, na kan kanta.”

Ta murza kofin da yatsa, ta shinshina. Babu maiƙo, babu wari. Ta ce a ba ta lemon tsami. Inna ta yanko, ta matsa a jikin gilashin ta goga da gefen tawul. Wurin ya fito ƙal, kamar an buɗe taga. Jama'a suka matso. Duba-gari ta ce a kawo butar dafa ruwa, ta buɗe ta leƙa. Gindin butar ya yi farin ɓawo.

“Wannan ba datti ba ne,” in ji ta. “Wane ruwa kuke amfani da shi?”

Kumfar ƙofar kicin ta motsa. Wani abu ya taso daga ciki fari fat tun daga kai har ƙafa, ido biyu kawai ake gani, da murfin tukunya a hannu. Ya ji ana tambayar wani aiki, kuma bai ga alamar faɗa a tambayar ba.

“Ni na jawo shi, ranki ya daɗe!” in ji Nasani, yana tofar da kumfa. “Ni kaɗai, ba wanda ya taya ni. Da ruwan famfo suke fama, na zo na haɗa su da rijiyar burtsatse. Ki tambayi kowa a layin nan.”

“Shi ne,” jama'a suka amsa baki ɗaya. Ba a taɓa ba shi shaida da sauri haka ba.

“Yaushe?”

“Bayan rasuwar yaya da kaɗan.”

Ta juya wajen Inna. “Yaushe farin ya fara?”

Inna ta ƙirga kwanaki da yatsa. Ta juya a hankali ta kalli ƙanin mijinta.

“Au, wannan?” in ji mai wankin mota, bokiti a hannu. “Ai ruwana zartsi gare shi. Ni ma in ban goge mota da wuri ba haka take bushewa fari-fari.”

“Ka sani, kana shan shayina kullum, ba ka faɗa ba?”

“Wallahi Inna na fara faɗa wa Injiniya ranar da ya zo da tiyo. Ya ce ya sani.”

Dariyar da aka yi har masu shagunan tsallaken titi sai da suka leƙo.

Duba-gari ta ɗaga hannu aka yi shiru. Ta ce wa Inna ruwa ba iri ɗaya ba ne. Na famfonsu mai laushi ne, sabulun marigayi ya dace da shi, shi ya sa bai taɓa samun matsala ba. Na rijiyar nan kuwa yana ɗauke da farar ƙasa, ita ce ke cinye ƙarfin sabulu ta kuma bushe a jikin gilashi. Ko dai ta koma famfo, ko ta ɗebi ruwan a kwalba ta kai wa masu sayar da inji su auna, su ba ta sabulun da aka yi don irinsa, su saita mata injin. Sabulu mai kumfa kuwa, ko na wane iri ne, ba ya shiga inji.

“Kuma a ƙasan injin akwai wani rami mai murfi,” in ji ta. “Na gishiri ne, irin nasa na musamman mai manyan ƙwayoyi. Shi ke tausasa ruwan.”

“Kun ji ko!” Nasani ya yi tsalle, santsi ya kusa mayar da shi. “Gishiri! Ban faɗa ba? Jama'a, ban faɗa ba?”

“A ina ka zuba naka?”

Ya sosa ƙeya. “A wurare da dama.”

“A cikina,” in ji mai wankin mota.

Inna ba ta yi dariya ba, idonta na kan kwaɗo. “To shagon fa, ranki ya daɗe?”

“Ba na rufe shago saboda farar ƙasa. Ki jiƙa kofunan a ruwan lemon tsami, ki gyara maganar ruwa, ki kwashe wannan bikin daga titi kafin wani ya karye. Zan leƙo in gani.”

Inna ta zauna a bakin benci. Ta yi hamdala a hankali. Sannan ta share ido da gefen mayafi, ta miƙe, ta ɗauko tsintsiya da bokiti ta danƙa wa Nasani.

“Ƙanin miji, shayinka na safe yana nan har abada, albarkacin wanda ya bar mu. Amma na sauke manaja. Ka fara daga shagon mai aski, ka tuɓe ka mayar masa da rigarsa tukuna.”

“To wa zai kula da injin yaya?”

“Matar yaya.”

Nasani ya karɓi tsintsiya. Ya kalli jama'a, ya ga ba mai niyyar tafiya, sai ya gyara tsayuwa ya share kumfa daga gira.

“Ba komai. Dama harkar ruwa ba ita ce ainihin fannina ba. Ni a wuta na ƙware. Matar yaya, tun jiya nake lura da tukunyar gas ɗin nan taki, wutarta ba ta da ƙarfi. Akwai wata 'yar dabara, in aka ɗan huda...”

Bai ƙarasa ba layin ya watse. Direbobi suka yi wajen motocinsu, mai wankin mota ya yar da bokiti ya haura katanga, mai aski ya faɗa shagonsa ya jawo ƙofa har da sakata.

Duba-gari ta riga ta mayar da kwaɗonta jaka, ta kai bakin ƙofa. Ta tsaya. Ta dawo cikin kumfa a hankali, ta sake fito da shi, ta kama hannun Inna ta danƙa mata, har da makullin.

“Na ofis ne,” in ji ta, “amma zan yi musu bayani. Sa a ƙofar kicin. Yanzu, ina kallo.”